Karayar Dantse Ga Tsofaffi: Abin Da Ya Sami Goggona A Kongo-Rasha

Waɗanda suka saba bibiyarmu sun san ba ɗabi'ata ba ce in ɗauko maganar gidanmu in shimfiɗa ta a jarida. Amma a wannan mako zan karya wannan al'ada, domin abin da ya sami goggona, yayar mahaifina, ba ita kaɗai ya shafa ba. Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa, to, maganar nan tasa ce.

Goggo tana zaune ne a Kongo-Rasha, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, unguwar da jaridu ba su cika tunawa da ita ba sai in an ta da zancen rikicin watan Satumba na 2001. Alhali kuwa mutanen wurin suna da sauran damuwa irin ta kowa, kamar ruwan sha da kuɗin makaranta da kwatar da ta toshe. Wanda ya san Jos ya san gari ne da ke bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku, ga duwatsu, ga hawa da gangara, ga kuma ruwan Agusta wanda yakan kwana ya wuni yana zuba har gansakuka ta lulluɓe dandamalin tsakar gida. A kan irin wannan dandamali ne santsi ya kwashi Goggo da asubar wata Talata a daminar bara, tana riƙe da buta za ta yi alwala. Ta kai hannun hagu domin ta dafa ƙasa, sai ta ji ƙas a tsakiyar dantse. Shekarunta sun ɗan haura 70.

Da gari ya waye maƙwabta suka cika ɗaki, kowa na cewa an gode Allah da abin ya tsaya ga hagu. Aka aika aka kira mai ɗori, dattijo ne sananne wanda ya gāji sana'ar, ya kuma ɗora yaran unguwa da dama sun warke sarai. Ya sa ƙarti biyu suka riƙe ta, ya ja hannun, ya murza, ya shafa maganinsa, ya jera kara ya ɗaure da tsumma. Sa'an nan aka buga mini waya. A nan ne fa nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni ne ɗan boko a gidan, ni ake jira in ce a je a ɗauki hoton ƙashi. Sai na tambaya ko tana cin abinci, aka ce tana ci, na ce to madalla, na tura abin da ya sawwaƙa, na koma kan aikina.

Bayan mako 6 aka kwance ɗori, hannu bai kama ba. Mai ɗori ya ce jinin tsufa ne, aka sake ɗaurewa. Ban sa ƙafa a Jos ba sai cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturun nan nasu mai shiga ɓargo. Na tarar da ita a bakin murhu, hannun yana kwance bisa cinyarta kamar ba nata ba. Dantsen ya tsotse, in ta motsa sai ka ga ya lanƙwashe a tsakiya inda Allah bai yi gaɓa ba, wuyan hannun kuwa ya saki, yatsu sun rataya ƙasa. Na ce, "Goggo, haka kike zaune tun watan Agusta?" Ta ce, "To ɗan nan, ya zan yi? Ciwon ma ai ya yi sauƙi. Abin da ke damuna kawai, sai an kama mini ɗaurin zane, in na zaga kuma sai na kira yarinya." Ta faɗi wannan ne tana duban ƙasa. A ranar na gane cewa masu murnar wai hagu ce ba su yi lissafi ba. Da hagu ake tsarki. Matar da ta shekara 40 tana tuyar masa tana ciyar da gida, yau ga ta tana jiran jikanya ta dawo daga makaranta kafin ta shiga bayan gida.

Tun daga lokacin na shiga tambayar likitocin ƙashi da karanta abin da na iya samu, kuma abin da na fahimta shi ne zan ɗan gutsura muku.

Ƙashin dantse guda ɗaya ne, ya taso daga kafaɗa ya sauka gwiwar hannu. A sama yana da kai mulmulalle wanda ke juyawa cikin gurbin kafaɗa, ƙarƙashin kan akwai wuya, sa'an nan doguwar gorar ƙashin. Ga tsofaffi, wuyan nan ne ya fi yawan karyewa, har likitoci suna lissafa wannan karaya a matsayin ta uku wajen yawa ga masu shekaru, bayan ta ƙugu da ta wuyan hannu. Mata sun fi maza samunta nesa ba kusa ba, saboda daga lokacin da mace ta daina al'ada ƙashinta yakan shiga zaizayewa daga ciki, kamar ginshiƙin da gara ta ci, a waje lafiya lau, a ciki fanko. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga ya wuce, ita ce za ta raba ƙashin tsohuwa biyu. Irin wannan zaizaya ba ta da zafi, ba ta da alama, karayar ce sallamarta ta farko.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, yawancin karayar dantse ba ta bukatar tiyata ko kaɗan. Tun cikin 1970 wani likitan Amurka, Charles Neer, ya tsara yadda ake rarrabe karayar wuyan dantse, ya ce ba a ɗaukar gutsuren ƙashi a matsayin wanda ya goce sai ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45. Mafi yawan tsofaffi ba su kai wannan ba, magani sai a rataye hannu a wuya da ƙyalle na 'yan makonni. Har ma waɗanda ƙashin ya goce, wani bincike da aka yi a Biritaniya kan mutum 250, aka buga sakamakonsa a 2015, ya nuna bayan shekara 2 babu wani bambancin a zo a gani tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka rataye wa hannu kawai. Ita kuwa gorar dantse, a 1977 likita Augusto Sarmiento ya bayyana wata dabara ta sanya wa dantse kwasfa mai maɗauri wadda ke rungume naman hannu, a bar kafaɗa da gwiwa suna motsi, nauyin hannun da kansa ya riƙa miƙar da ƙashin. Wanda ya dubi kwasfar nan ya dubi karan mai ɗori zai ga 'yan uwan juna ne. Daɗin daɗawa, dantse ƙashi ne mai haƙuri: ko ya haɗe da ɗan karkata, ko ya gajarce da kamar santimita 2 zuwa 3, nama yakan rufe, kafaɗa kuma ta cike giɓin. Wannan shi ne asirin nasarar masu ɗori da yawa, kuma ba na faɗin haka don raini. Ƙashin da zai haɗe, zai haɗe a hannun likita, zai haɗe a hannun mai ɗori.

Matsalar tana ga wanda ba zai haɗe ba, da kuma wanda ya zo da rakiyar wata ɓarna. A nan ne hanyoyin biyu suka rabu, domin ido da tafin hannu ba su isa su gane shi ba.

Abin da ya sami Goggo shi ne ƙin haɗewa. A bisa al'ada gorar dantse takan kama cikin mako 8 zuwa 12. In aka kai mako 6 wurin karayar yana ta motsi kamar ranar farko, likitoci sukan ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, in kuwa aka doshi wata 6 to an san ba za ta haɗe da kanta ba. Bakunan ƙashin sukan daskare su yi santsi, nama ya shiga tsakani, wurin ya zama gaɓar ƙarya. Shi ya sa ciwon ya ragu har Goggo ta ɗauka sauƙi ne. Kuma kada wani ya ce wannan sai a hannun masu ɗori: a wani gwaji da aka yi a ƙasar Finland, aka buga a 2020, kashi 25 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani da kwasfar nan ƙashinsu bai haɗe ba. Bambancin kawai shi ne su ana ɗaukar hotonsu a kai a kai, da an ga abin ya ƙi sai a sauya dabara, ba a sake ɗaurewa a ce jinin tsufa ne.

Me ke hana ƙashi kamawa? Likitan da ya duba ta bai fara da hannun ba, sai da ya sa aka auna jininta, aka tarar tana da ciwon sukari wanda ba wanda ya sani. Sa'an nan ya ce, "Mama, wane magani kike sha?" Ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin ƙwayoyi, irin haɗin nan da ake saya a kemis domin ciwon jiki, fari da ja da rawaya, babu suna babu takarda. Ta ce shekara da shekaru da shi take samun tashi ta yi tuya. Likita ya ware wata 'yar ƙaramar ƙwaya ya ce wannan dangin dexamethasone ce, watau irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba, ake kira sha-ka-fashe. Tana kashe ciwon gaɓɓai nan take, amma in an daɗe ana sha tana cinye ƙashi, tana ta da sukari, tana kuma hana rauni warkewa. Ya ƙara da kashedin cewa wanda ya daɗe a kanta ba ya yanke ta dare ɗaya, sai a hankali bisa umarnin likita. Ban da waɗannan, taba sigari da giya da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna jinkirta haɗewar ƙashi, haka nan yawan kwancewa da murzawa da ja, domin sabon ƙashin da ke tsirowa a makonnin farko laushi gare shi, kowace murza rushe shi take yi.

Sai maganar wuyan hannun da ya saki. Akwai wata jijiya, ba ta jini ba, ta motsi da ji, wadda ta zagayo ta bayan gorar dantse tana manne da ƙashin. Ita ce ke ɗaga wuyan hannu ta miƙar da yatsu. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu karayar gorar dantse jijiyar nan takan taɓu, ko dai a lokacin faɗuwar, ko a wajen jan hannun. Abin daɗin ji shi ne yawanci takan farfaɗo da kanta cikin wata 3 zuwa 4, gwargwadon yadda jijiya ke tsirowa, kamar milimita 1 a yini. Amma a wannan zaman jira dole a tallafe wuyan hannun da ɗan katako ko roba, a riƙa miƙar da yatsun kullum, in ba haka ba ko jijiyar ta dawo za ta tarar gaɓoɓin sun ƙage. Ta Goggo ba wanda ya tallafa, domin kowa ya ɗauka kasalar ciwo ce.

Akwai kuma sandarewar kafaɗa, wadda ita ce ta fi kowace matsala yawa, ita ce kuma aka fi rainawa. Kafaɗar tsoho ba ta son zama. In aka ɗaure hannu a jikin ƙirji wata 2 ko 3, ƙashi yana iya haɗewa tsaf amma mutum ya kasa kai hannu ka, ya kasa sa riga, mace ta kasa ɗaura ɗankwali. Don haka ne a asibiti, ga karayar da ba ta goce ba, tun daga mako na 2 ko na 3 ake sa majiyyaci ya sunkuya ya saki hannun yana lilo a hankali, daga nan a miƙa shi ga masu gashin ƙashi. Mu kuwa a gida tausayi ke sa mu ce kada Baba ya motsa. Wani tausayin cuta ne.

Sauran biyu ba su faru da mu ba, amma wajibi ne in ambace su. In kan ƙashin ya farfashe gida 3 ko 4, hanyoyin jinin da ke ciyar da shi suna iya yankewa, sai kan ya mutu a hankali ya lotse bayan shekara ɗaya ko biyu, ciwo ya dawo sabo. Irin wannan wani lokaci sai an sauya kafaɗar da ta ƙarfe. Na biyu kuwa shi ne mafi muni, watau ɗaurin da ya matse. Hannun da ya karye kumbura yake yi a kwanakin farko, in kara da tsumma suka hana shi wuri sai jini ya daina gudu, kuma cikin sa'o'i ƙalilan nama ya fara mutuwa. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura su yi sanyi, su dushe ko su yi baƙi, mutum ya daina jin su, fata ta yi bororo. Duk wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin nan take, ko da tsakar dare ne, ya nufi asibiti, kada ya tsaya jiran izinin kowa. Likitocin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun daɗe suna rubutu kan mutanen da ake kawo musu bayan ɗori ya ɓaci. Mutanenmu suna cewa asibiti yanke hannu suke yi. Gaskiyar magana, hannun da ake yankewa ya riga ya mutu tun a gida, likita gawa kawai ya raba da mai rai.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu da ya shafi Jos kai tsaye. A 1999 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos kan yara masu gwame da bauɗewar ƙafa. Duniya ta saba danganta wannan cuta da rashin hasken rana, amma su suka tarar yaran nan abin da suka fi rasa shi ne sinadarin kalsiyam, wanda suke samun kamar miligiram 200 kacal a yini daga abincin da galibinsa masara ce. Binciken kan yara aka yi, amma ni dai na san tukunyar da jika ke ci, ita kaka ke ci, ita kuwa tsohuwa abin da ake so ta samu ya kai miligiram 1,000 zuwa 1,200. Abin takaici, maganin yana kasuwa: nono da kindirmo, ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, kuka, zogale, riɗi, da tamba wadda ake nomawa a nan Filato, wadda kuwa cikin hatsi ba ta da na biyu wajen kalsiyam. Kunun tamba da muke yi wa kallon abincin ƙauye ya fi lemon kwalban da muke kai wa tsofaffi in mun je gaisuwa.

To, don me mutane ke gudun asibiti? Ba jahilci ba ne kawai, kamar yadda wasu 'yan boko ke saurin cewa. Mai ɗori yana zuwa har ɗaki, yana jin harshenka, yana karɓar abin da ka samu, saura sai ka warke. A asibiti kuwa kati kuɗi, hoto kuɗi, gwajin jini kuɗi, ƙarfen da za a sa ma kai za ka saya, kuma duk kafin a taɓa ka. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. An sa hannu kan dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022 wadda ta yi tanadin asusu domin marasa galihu, har da tsofaffi, Jihar Filato ma tana da tata hukumar, amma a gidanmu da gidajen da ke kewaye da mu ban sami tsoho ɗaya mai riƙe da katin ba. Mu da muka tashi yin aikin Goggo sai da aka yi taron dangi sau biyu, wani ƙanen mahaifina ya rantse ba za a yanka yayarsa ba, wani ya ce a kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake wannan aiki, aka lissafa kuɗin mota da na jinya aka ga gara a tsaya Jos. Filin gado muka sayar da rabinsa. Hoton da na ƙi cewa a ɗauka a watan Agusta bai kai kuɗin buhun masara ba.

Ra'ayina shi ne, masu cewa a hana ɗorin gargajiya mafarki suke yi, domin likitocin ƙashin da ke ƙasar nan ba su isa ko kusa ba, yawancinsu kuma suna manyan birane. Abin da zai yiwu shi ne a jawo masu ɗori a jiki. An gwada haka a yankin Arba Minch na ƙasar Habasha, inda aka tara su aka koya musu illar matse ɗauri da alamun mutuwar nama, aka kuwa ga yanke gaɓoɓi ya ragu ƙwarai, kamar yadda rahoton da aka buga a 2005 ya nuna. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Filato ba za ta rasa ɗakin taro da likita ɗaya da zai yi wannan ba. Abu uku kawai za a roƙe su: kada su ɗora tsoho sai an ga hoto, kada su taɓa karayar da ta huda fata, in kuma mako 6 ya cika ƙashi na motsi su ce a tafi asibiti. Maganar hoton nan tana da wani dalili ma: tsohon da dantsensa ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba, musamman in dama wurin yana masa ciwo, wani lokaci sankara ce ta taso daga mama ko wani sashe na jiki ta ci ƙashin. Wannan ko shekara aka yi ana ɗori ba zai kama ba.

An yi wa Goggo aiki bayan an shafe makonni ana daidaita sukarinta. Suka kankare bakunan ƙashin, suka ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunta suka cike giɓin, suka ɗaure da faifan ƙarfe da kusoshi, suka kuma 'yanto jijiyar da ta maƙale cikin tabon nama. Likita ya ce wanda ya karye sau ɗaya irin wannan, haɗarin karyewar ƙugu ya fi yawa a shekarar da ke biye, don haka aka ɗora ta kan maganin ƙarfafa ƙashi, aka ce a duba idonta ko akwai yana. Mun kankare gansakukar tsakar gida, an kafa ƙarfen dafawa a bayan gida, an sa ƙwan lantarki mai caji a hanyar da take bi da asuba.

Wata 4 ke nan da aikin. Hoton ƙarshe ya nuna ƙashin ya fara kamawa. Wuyan hannun yana ɗan ɗagawa, babban yatsa ne har yanzu bai amsa ba, kafaɗar kuwa ba ta wuce tsayin ƙirji ba, kuma masu gashin ƙashi ba su yi mana alkawarin za ta koma kamar da ba. Tandar masa tana jingine a bayan ɗaki. Amma ranar Juma'ar da ta wuce da na kira, jikanyar ce ta ɗauka, ta ce Goggo ta zaga, kuma ta hana a bi ta da buta. Mai ɗorin ma, in ji ta, ya zo dubiya, ya karɓi hoton ya ɗaga shi saitin rana ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tambaya a ina ake ɗaukar irinsa, kuma nawa ne.